Dutsen da Ya Rage a Bakin Rami

Litinin, 6 ga Maris
'Yata Rimuy ta sake fitowa a talabijin, tana nuna wa wani minista yatsa a majalisa. A ƙasan hoton an rubuta Rimuy Hayung. Hayung ɗin nan ni ne, tunda mu 'yan ƙabilar Atayal sunan uba ne ke bin na 'ya'yansa. Na ce wa matata Sayun, "Kin gani? A aji huɗu na tsaya, amma ga ni a majalisa." Ta ce, "Kana majalisa, kabejinka na ruɓewa a gona." Matar nan ba ta san raha ba.

Alhamis, 9 ga Maris
Labari mai daɗi. Gwamnati ta yarda mu koma dajin sama da aka raba kakanninmu da shi. Farauta, saran gora, ɗiban magani, ba mai kama mu. Ranar sha takwas mutanen gwamnati za su zo a sa hannu, mu kuma mu binne dutsen alkawari irin na da. Dattijon kowane gida sai ya dafa shi kafin a rufe da ƙasa, in mutum ɗaya ya ƙi, ba a binnewa. A gidanmu ni ne dattijon. Allah ya sa masu hoto su tsaya ta hagu, sauran haƙorana a can suke.

Lahadi, 12 ga Maris
Rimuy ta zo bayan coci ta ɓata min cin abinci. Wai ta karanta takardar: daji na gwamnati ne, mu izini aka ba mu.
"Baba, wanda ya ba ka izini yau, gobe zai iya karɓewa. Takarda ana sauya ta. Dutse fa, ka taɓa jin an tono shi?"
Na ce, "Ke 'yar nan, kina malamar makaranta faɗa, kina kansila faɗa, yanzu an ba mu abu ma faɗa?"
"Aro aka ba mu. In kuka binne dutse a kan aro, kun rantse wa kakanni ke nan cewa dajin ba namu ba ne."
Ta faɗa, ta kuma ɗauke cinyar kazar da na ajiye wa kaina.

Laraba, 15 ga Maris
Yuraw, yayan Sayun, shi ne shugaban ƙauye. Ya tare ni a hanyar gona. "Suruki, ja wa 'yarka kunne. Ita tana birnin Taipei tana shan sanyi, ɗana ne ke zaryar kotu saboda barewa ɗaya da ya harba. In ta ɓata mana wannan, ko ƙuri'ar kare ba za ta samu a nan ba." Na nemi abin dariyar da zan faɗa, na rasa. Yana da gaskiya fa.

Alhamis, 16 ga Maris
Ban tsinana komai ba. Na zagi kabeji.

Asabar, 18 ga Maris
An yanka alade, an haƙa rami, an zuba wa kakanni giyar gero. Baƙi sun sa rigunan saƙin da aka ba su, ɗaya ma a baibai. Dattawa suka yi ta dafa dutsen. Da aka zo kaina, sai na ji bakina yana tambayar babban baƙin, "Ranka ya daɗe, in aka canja gwamnati, wa zai zo ya tsaya wa dutsen nan?" Mutumin kirki ne. Ya ce ba zai iya yin alkawari da bakin wanda bai hau ba tukuna.
Hannuna ya ƙi fita daga aljihu.
Yuraw ya ce, "Hayung, nan ba wurin wasa ba ne."
Na ce, "Yau kam na sani."
Baƙin suka naɗe takardarsu, wai sai an sake zama. Dutse na nan a bakin rami. Can cikin taro na hango Rimuy ta sunkuyar da kai. Ban je kusa ba, kada a ce mun shirya.

Lahadi, 19 ga Maris
A coci benci guda daga ni sai Sayun. Ban taɓa samun wurin miƙe ƙafa haka ba.

Talata, 28 ga Maris
Rimuy ta kira. Ta samar wa ɗan Yuraw lauya. Za ta kai majalisa sabon ƙuduri mai cewa dajin namu ne, gwamnati abokiyar kula da shi ce kawai. Tana son dattawa su je Taipei su faɗi iyakokinmu da bakinsu. Na ce mata ni dai mota amai take sa ni.
Da yamma na tsinci kaina a ƙofar Yuraw, shi ya fi kowa sanin iyakar gabas. Matarsa ta leƙo ta ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa. Na ce ta gaya masa gobe ma zan biyo, jibi ma haka. Ba don siyasa ba. Likita ne ya ce in riƙa tafiyar ƙasa.