Ƙwayoyi a Kunun 'Yan Ƙwadago

Gwaggo Asabe, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. Maigidana yana noman shinkafa a fadamar Haɗeja. Lokacin dashe yakan ɗebi 'yan ƙwadago, ni ke dama musu kunu da sassafe. Bana sai ya zo min da ƙullin ƙwayoyin ciwon jiki daga kemis, su diklofenak, wai in daka in zuba a kunun don kada a gaji a bar masa aiki. Na zuba, tunda shi ma yana sha. Su ba su sani ba. Har yabona suke, wai kununa yana ware jiki!

To ƙanena Sunusi yana cikinsu. Ya yi targaɗe bai ji zafi ba, ya yi ta taka ƙafar cikin laka har ta kumbura kamar tulu. Yanzu cikinsa ƙuna yake, barci ya gagara. Da na ce na daina, maigida ya hau faɗa, wai kowa na sha, ni ce likita? Mutane ne fa, Gwaggo, ba injin ban ruwa ba! Gobe akwai aiki, ga ƙullin a gabana. Yaya zan yi?

Mai Dama Kunu, Haɗeja

'Yata, ni ma kin ɓata min rai. Ban ce mijinki mugu ne ba. Tunda yana sha, bai san illar ba, kuma dashe ba ya jira. Amma ɗura wa mutum magani ba da saninsa ba cin amana ne.

Ƙwayoyin nan suna cin ciki, balle ba a karya ba. Ga rana ga gumi, ƙoda ce ke shan wuya. Ciwo kuma rufe shi suke, mutum ya yi ta fama wa kansa raunin bai sani ba. Suna iya dagula barci, su jinkirta murmurewar jiki. Mai gajiya ruwa yake so, da abinci, da hutu.

A kai Sunusi asibiti yau, a faɗi sunan maganin. Ki lallaɓa maigida ya raka shi, ya ji da kunnensa. Gobe ki dama kunu zalla. In ya matsa, ki ce ya fara tsayawa gaban mutanen ya gaya musu abin da ke ciki.

Saura mai wuyar. Kada Sunusi ya fara jin labarin a gaban likita. Ke kika miƙa masa kofin, daga bakinki zai ji. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya.