Sarewar da ta sa Baba magana

Daren Laraba, Haɗejiya

Alhamdu lillahi, yau Baba ya yi magana. Sati uku ke nan da shanyewar ɓarin jikinsa, ko ruwa bai iya roƙa ba.

Da la'asar ina gefen tabarmarsa, na kunna tsohon kiɗan Turawan nan da nake bita saboda jarrabawa, mai sarewa ɗaya da masu goge. Ni dai ya ishe ni. Sarewa ta bayar, masu goge su amsa, babban goge mai kaurin murya yana takawa a ƙasa kamar saniya mai komawa gida. Kowane sashe sai an maimaita shi, karo na biyu a ƙara masa ado.

Na sha'afa cewa Baba ya yi ƙuruciyarsa yana busa wa shanu sarewa a fadamar Kirikasamma. Da aka zo sashen ƙarshe mai gudu, sai na ga yatsun hannunsa mai lafiya suna motsi. Da ƙyar ya ce, "Uwata, mutumin nan a ina yake numfashi?"

Na ce ban sani ba. Ni ma sai lokacin na saki nawa.