Ɓargonka Bai Gane Nana Ba

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas, ya su Anti Rabi da yara? Mu nan Kazaure alhamdu lillahi, sai dai jikin ƙanwarka Nana.

Ɓargon da aka dasa mata naka ya juya mata, yana yaƙar jikinta. Tafukanta sun yi jawur, gudawa ta ƙi tsayawa. Likita ya ce ƙwayoyin jiki in suka sha wuya akwai furotin da suke saki, wataƙila shi ke tunzura ɓargon. An ƙara mata maganin danne garkuwar jiki, yanzu ko mura tana iya kayar da ita.

Shi ya sa muka hana dubiya. Amma jiya Gwaggo ta zo daga Gwiwa tana tari, ta cire wa Nana takunkumi, ta tofa mata addu'a a fuska. Wa zai ce wa Gwaggo kul? Yau jikin Nana zafi rau, muna shirin tafiya asibiti a Kano.

Ka gaida kowa. Ka sa ta a sujada, Yaya. Ɓargonka ne, ka roƙi Allah ya sa ya gane ƙanwarsa.

Ƙanwarka,
Hadiza