Ambulan ɗin da Baba ya buɗe

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna, da fatan ƙafar nan taka ta yi sauƙi. Ni da yara da babansu lafiya lau.

Direba ya kawo mini ambulan ɗin sakamakona da ka karɓo a tsohuwar kwalejinmu, na gode. Amma Baba, wa ya buɗe shi? Na kai shi ofishin rijista na kwalejin nan da nake son ƙarasa karatun ungozoma, matar da ke wurin ta nuna mini inda aka farke hatimi aka liƙe da gam. Ta ce ko ba a buɗe ba ma, sun daina karɓa a hannu, sai tsohuwar kwaleji ta turo musu ta kwamfuta. In bai iso ba kafin ƙarshen wata, wata za su ba gurbina. Da kuka na koma gida. Duk shekarun da na yi ina rainon yara, gurbin nan nake jira.

Ka huta lafiya,
'Yarka

Uwata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, ni na buɗe, kuma har yanzu ban ga laifina ba. 'Yata ta ci jarrabawa, a ce kada in gani? Mai aski da mai walda sun daɗe suna cewa karatunki ya bi ruwa, shi ne na karanta musu makin ɗaya bayan ɗaya. Gam ɗin kuwa mai kyau na sa.

Na koma kwalejin. Mai kwamfuta ya ce daga sababbin ɗalibai suka fara shigar da sakamako, naku na tsofaffi yana cikin kwali a sito, in dawo gobe. Na ce masa ni tela ne, da "dawo gobe" na yi rayuwa, ba zai koya mini ita ba. Akwai benci a ƙofar ofishinsa. Kullum da safe nake kwaso rigunan mutane da allura in zauna a kai ina ɗinka maɓalli. In ya fito in gaishe shi, in ya koma in gaishe shi.

Ki share hawayenki.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Inna ta faɗa mini a waya cewa ƙafarka ta kumbura, kuma shago a rufe yake. Don Allah ka koma gida. Zan jira baɗi, tunda na saba jira.

'Yarka

Uwata,

Bayan gaisuwa, ƙafar tawa ce, kuma baɗi ba a hannunki take ba. Kada in ƙara jin maganar nan.

Jiya shugabar ofishin ta tsaya ta tambaya wane ne tsohon nan mai allura. Na ba ta labari har da na gam, ta yi dariya ta sa aka buɗe sito. Ƙura sai wanda ya gani. Mai kwamfuta da kansa ya riƙa sauko da kwalaye yana atishawa yana hararata, har fayil ɗinki ya fito, da hotonki sanye da wani ɗankwali da ni na ɗinke masa baki.

Ya shigar da komai, ya danna wani abu, ya ce sakamakon ya tafi. Na ce wa ya ɗauka? Ya ce ba kowa. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa nake ba direba wannan wasiƙar da gaggawa, ki je ki tsaya musu a ƙofa kafin ya iso, kada ya faɗa hannun wani.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Sakamakon ya riga wasiƙarka isowa, tun kana cikin ofishin ya zo. Na yi rijista, na fara shiga aji.

Ga ambulan ɗinka nan na ba direba ya maido maka, naka ne yanzu. Ka ɗora ƙafar a kan matashi, ka kira mai aski da mai walda, ka sake karanta musu tun daga farko.

'Yarka