Amshin da Muka Ƙi Yi a Tasawa

Kano, watan azumi, 1985

Yaya Cha'ibu,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar Inna? Ya Zara'u da yara, da mutanen Hawandawaki duka?

Mu huɗu lafiya muke, ni da Yahaya da Jaji da Ɗan Ladi. Muna yi ma wani mai begen Annabi amshi, har an ɗauke mu a kasat. Sunanshi kaɗai aka rubuta, amma in ka ji za ka gane muryata. Abinci sau ɗaya ne, to ai azumi ake.

Ka ce kwamandan soja zai yafe mamu in muka dawo Tasawa muka ba shi haƙuri. Haƙurin mi? Ya tsaida mu gaban baƙi, mawaƙinshi na cewa ƙasa ta ƙoshi, wai mu amsa. A satin da abin ya faru muka rufe ɗiyar Jaji, yunwa ta kashe ta. Shi ya sa muka yi shiru. Bakin da ya saba yabon Manzo ba ya amsa ƙarya.

Ka gaya mishi ba mu tuba ba. In ruwa ya sauka ka shuka mani gonata. Ni zan zo girbi, ko yana nan ko ba ya nan.

Allah shi tsare ku.

Ƙanenka,
Auta