Ƙarar Jaje da Nonon Inna

Yaya Abdulwahab,

Gaisuwa mai yawa daga Abijan. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kasuwa ce ta ɗan yi sanyi, har na koma kwana rumfa. Can ma ya fi iska.

Na ji alƙalin Ƙonni ya kori ƙarar da na kai Jaje kan waken da shanunsa suka cinye mana, don ban je ba. Kada ka tayar da ita. Ka ce wa mutane kuɗin mota ne babu, ba ka yi ƙarya ba. Amma tun tahowata matar Jaje ke kai wa Inna nono kullum kyauta. In na ci shari'a, wa zai kai mata?

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Rabilu