Mijina Ya Laƙaba Mini Sunan Matar Cikin Labari

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya ishe ni. Duk wanda na fara gaya wa sai ya kwashe da dariya tun kafin in kai ƙarshe.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin titi. Da yarana suka tasa sai na koma makarantar yamma ta manya, in ƙarasa karatun da na bari tun ina budurwa. A darasin adabi aka ba mu wani tsohon gajeren labari, na wata mata da kullum tana jikin taga tana leƙen gidan maƙwabciyarta mai hali. Ta yi ta ƙaryar arziki don a ce ita ma wata ce, har ta rasa ɗan abin da ke hannunta. Malam ya tambayi darasin labarin, kowa ya ce wadatar zuci. Ni kuwa bakina bai bar ni ba. Na ce marubucin da kansa ya nuna ɗakinta yana yoyo, kuma mijinta bai taɓa tambayar ta abin da take so ba, to don me za a ɗora mata laifin duka? Aji ya ɗauki dariya, wani daga bayan aji ya ce tela ta ga 'yar uwarta. Da muka yi rubutu a kan labarin, malam ya dawo mini da takardata duk jan biro, ya rubuta a ƙasa wai kare ta na yi, ban nazarce ta ba.

Da takaicin nan na koma gida na karanta wa maigida labarin, ina zaton zai goyi bayana. Direban motar haya ne, mutum mai son barkwanci. Ya yi dariya har da tari, tun daga ranar ya sa mini suna Mai Taga. In na ce ƙarfen kujerar falo ya fito yana yaga wa baƙi kaya, sai ya ce Mai Taga ta leƙa. In na ce firij sai gurnani yake ba sanyi, Mai Taga ta leƙa. Har autana ya ɗauka, yana faɗa yana ɓuya a bayan ubansa.

Duk wannan na shanye, sai ranar da muka je taya ƙanwata murnar sabon gida. Mijinta babban ɗan kasuwa ne. Ina tsaye a falo na kama bakin labule ina duba kalmasar, don idon tela ba ya wuce ɗinki bai duba ba. Sai maigida ya ɗaga murya a gaban dangin mijinta ya ce, “Ku riƙe labulenku, Mai Taga ta iso.” Ya zauna ya ba su labarin tun daga farko. Kowa ya yi dariya, har ita ƙanwar tawa, yarinyar da na goya a bayana. Na ja mayafina na fita. Tun ranar ban ɗauki wayarta ba. Ta aiko da yadi in ɗinka mata, yana nan cikin leda a ƙarƙashin tebur, ko awo ban duba ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Anti, maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Da na shiga kicin ɗinta sai da ƙirjina ya yi nauyi. Kuma in na gama ɗinka leshi mai tsada na wata, nakan tura ƙofar shago in saka shi in tsaya gaban madubi, sannan in cire in goge in ninke. Wallahi ba na fatan ƙanwata ta rasa ko cokali, amma nakan ce me ya sa ni kullum ta hannuna kawai abu mai kyau yake wucewa?

Jarrabawa ta matso, kuma na san labarin nan zai fito. In rubuta abin da malam yake so ne ko abin da na gani? Wani lokaci ma ji nake in bar makarantar. Maigida ba mugu ba ne, shi ya ƙarfafa mini gwiwa na koma, shi yake sauke ni a ƙofar makaranta, amma yanzu daga gaisuwa ba ma ƙara komai. Shin ni ce matar nan?

Tela mai takaici

*

'Yar uwa, ba ke ba ce. Matar cikin labarin nan, ƙarya ta yi don a gan ta, ke kuwa gaskiyar da ba kowa ke iya faɗa ba kika rubuto mini. Son kujerar da ba ta yaga zane buƙata ce. Nauyin ƙirji a kicin ɗin ƙanwarki kuwa ɗan kishi ne irin na 'yan Adam, amma yana girma in aka ba shi wuri, kuma ƙin ɗaukar waya wuri ne. Ki kira ta a makon nan, ki gaya mata dariyarta ta yi miki ciwo. Mai yiwuwa kunyar surukai ce ta sa ta dara, yadin da ta aiko ma ina ganin ban haƙuri ne. Ki ɗinka mata.

Maigida bai kyauta ba. Wasan da ake yi a ɗaki daban, wanda ake yi a gaban surukai daban. Sai dai ki duba ɓangarensa: shi ma ya tsaya a falon nan ya ga abin da ba zai iya yi miki ba, kuma maza da yawa barkwanci suke sawa su rufe jin nauyi. Ki same shi ku biyu, ba yara a kusa, ba a lokacin fushi ba. Ki ce masa sunan nan ya tsaya daga yau, shi ne kuma zai hana auta. Sannan ku zaɓi abu ɗaya ku fara gyarawa, kujera ko firij, ki nuna masa gyara kike nema, ba gwada shi da mijin wata kike yi ba.

Kayan mutane kuwa amana ne, ki daina sakawa. Ke da kike fitar da matan wasu kunya, ki sayi yadi daidai ƙarfinki ki zuba masa duk gwanintarki, ya zama naki.

Makaranta ba inda za ki. Tambayar da kika yi a aji irin ta mai karatu da hankali ce, malam ma bai ce ƙarya kika yi ba, cewa ya yi rabi kika kawo. Ki sake karanta labarin, ki fito da wuraren da aka tauye matar, ki kuma fito da inda ta cuci kanta da hannunta, kowanne da hujjarsa daga cikin labarin. In kika haɗa biyun, babu mai gyaran takarda da zai ce ba ki yi nazari ba.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya dawo da hira gidanku, ya sa albarka a keken ɗinkinki.

Antinku